Kafin ki ƙwace wayar 'yarki, gwada wannan tukuna

Iyaye mata 'yan uwana, ni ma na taɓa cewa waya ce ta lalata min yarinya. Da babbar 'yata ta shiga SS2 sai ta koma ƙulewa a ɗaki, na ƙwace wayar na kulle a durowa sati biyu, ashe tana hawa TikTok a wayar ƙawarta, ni kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wallahi abin ya min ciwo.

A 2019 masana a jami'ar Oxford ta Ingila sun duba bayanan matasa sama da 12,000, suka ga tasirin soshiyal midiya kan jin daɗin rayuwarsu ɗan kaɗan ne. Ni abin da na gani da idona shi ne, yaron da ba a sauraronsa a gida shi ke tarewa a waya.

Don haka ki fara da zama. Bayan Magariba a ci tuwo tare, kowa ya ajiye waya har babansu, don ba zai yiwu kina duba status kina ce mata ta ajiye tata ba. Kuma ki rage tambayar "kin yi aikin makaranta?", ki ce mata Mamana yau wa ya ɓata miki rai, in ta fara magana don Allah ki yi shiru, kar ki tare ta da nasiha ko faɗa, in kika yi sau ɗaya ta rufe baki kenan. Yaranmu akwai kunya, ido da ido magana ba ta fitowa, shi ya sa nake jan tawa zuwa Kasuwar Barci, a cikin Keke Napep ko muna tsinke alayyahu nake jin abin da ban taɓa zato ba.

Sai dare. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, datar dare mai araha kuwa ita ke cinye shi, ga sallar Asuba ga makaranta. Ƙarfe 10 duk wayoyi su kwana a falo wajen caji.

Facebook da Instagram da TikTok duk sai mai shekara 13 suka yarda ya buɗe, kar ki bari a ƙara mata shekaru, don TikTok na sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana in an sa shekarun gaskiya. Akwai Family Link a Android, manhajar da iyaye ke iyakance amfani da wayar yaro da ita, ki saita a gabanta da saninta, ban da leƙen asiri.

Abin da ya fi damuna shi ne kwatance. Tana ganin sa'o'inta da leshi da gwala-gwalai a hoto tana raina kanta, sai kuma ta fito ki ce dubi 'yar maƙwabta ta ci JAMB ke kina nan. Naki ya fi na waya zafi nesa ba kusa ba, ki daina.

In kuwa kika ga ta daina cin abinci, tana yawan kuka, ko ta ce gara ta mutu, kar ki ce iskanci ne, ki haɗa addu'a da likita, ki kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna a ranar.