Darasi na Tara: Lissafin Ƙarfin Ƙodar Tsoho

Kowa ya fito da takardar gwajin jinin da na ce a zo da ita, ta mahaifi ko ta kaka. Ku shimfiɗa ta a gabanku, ku bi layukan da yatsa sannu a hankali har ku iske kalmar Creatinine. Ana faɗinta "kiretinin". Ba sai kun iya rubuta ta yau ba, ku dai gane ta in kun gan ta.

Kiretinin datti ne da tsokar jiki ke fitarwa, ƙoda ta tace shi daga jini ya fita da fitsari. In ƙoda ta gaza, sai ya taru, lambar ta hau. To amma tsoho tsokarsa ta riga ta zube, dattin da yake fitarwa kaɗan ne. Gidan da mutum ɗaya ke kwana ba ya tara shara, ko da mai sharar ta gaji. Shi ya sa lambar tsoho kan fito kamar lafiya lau alhali ƙodar ta yi rauni. Dole a haɗa da shekaru da nauyi.

Kafin ku taɓa waya

Ku dubi abin da aka rubuta a gefen lambar, ta hannun dama. Ko dai mg/dL, ko kuma µmol/L, wanda ya fara da harafi mai kama da u mai wutsiya. Lissafinmu da mg/dL kaɗai yake aiki. In kun ga mai wutsiya, ku raba lambar da 88 tukuna. In an rubuta 88, kun sami 1. In an rubuta 176, kun sami 2.

Mu sake. Yatsa a kan lamba, ido a gefenta. Akwai wutsiya? Raba da 88. Babu wutsiya? Bar ta yadda take. Wanda bai gane ba kada ya ji kunya, nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. Ya tambayi na kusa da shi, su duba tare.

Lissafin

Likitoci biyu a Kanada, Cockcroft da Gault, su suka fito da shi a 1976. Mu ce Iya shekararta 85, an ɗora ta a sikeli ta yi kilo 45, takardarta ta nuna 88 µmol/L. Me za mu fara yi? Raba da 88. Mun sami 1.

Ku buɗe kalkuleta. Kullum da 140 ake farawa, a ɗebe shekaru: 140 a ɗebe 85, saura 55. 55 sau nauyi, wato 45, 2475. A raba da 72, lambar da ba ta canzawa, an sami 34 da 'yan kai. A raba da kiretinin, wato 1, tana nan 34. Da yake mace ce, sau 0.85. Kada ku manta ɗigon. Amsa 29. Ga namiji, ba a yin wannan na ƙarshe.

Saurayi ɗan shekara 30 mai kilo 70, da wannan kiretinin ɗin, amsarsa ta haura 100. Lamba ɗaya a takarda, ƙoda ba ɗaya ba.

Duk wanda ya sami 0.3 bai raba da 88 ba. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Haka mutum zai koma gida ya tayar wa iyali da hankali a kan ganganci. Kuma a daina kintatar nauyi da ido, a je a hau sikeli.

Ma'anar amsar

Ƙasa da 60 har tsawon wata uku, ƙoda ta yi rauni. Ƙasa da 30, raunin ya yi yawa. Kiyasi ne, likita ke yanke hukunci. In takardarku tana da eGFR, an riga an yi muku irin wannan lissafi ta wata hanya.

Magani

Kada a saya wa tsoho diclofenac ko ibuprofen a kemis don ciwon gwiwa, suna ƙara wa ƙoda nauyi. Mai shan metformin, maganin ciwon sukari, da amsarsa ta gaza 30 ya ga likita da wuri. Kada ku rage ko ku tsayar da magani da kanku.

Aikin gida

Namiji, shekara 90, kilo 50, 132 µmol/L. Ku fara duba gefen lambar.