Yadda Ake Haɗa Nau'ukan Fileko Daban-daban a Tanki Ɗaya

Fileko, tarwadar nan mai sulke ta dangin Loricariidae da ke kogunan Kudancin Amurka, kifin ƙasan ruwa ne. Da rana yana lafe a kogo, da dare ya fito kiwo. Don haka faɗin ƙasan tanki ne abin da za ka fara aunawa. Tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 40 ya fi wanda ya miƙe sama amfani, ko da litarsu ɗaya ce.

Sai ka san girman da kowanne zai kai, tunda duk ƙanana ake sayar da su. Pterygoplichthys pardalis da ɗan'uwansa gibbiceps suna wuce santimita 40, Panaque nigrolineatus ma yana kaiwa wajen 40. Irin waɗannan, guda ɗaya ya ishi babban tanki. Ancistrus mai gemu yana tsayawa a santimita 10 zuwa 13, Panaqolus maccus da Hypancistrus zebra kuwa ba su cika wuce 10 ba. A cikin ƙananan nan haɗi yake yin kyau.

Duba zafin ruwa kafin kyan launi. Hypancistrus zebra, mai lamba L046 a jerin lambobin L da masu kiwo ke bambance nau'ukan fileko da su, daga kogin Xingu na Brazil yake, yana son digiri 26 zuwa 30 a ma'aunin Celsius. Chaetostoma kuwa kifin rafukan duwatsu ne, digiri 20 zuwa 24 yake so da ruwa mai gudu. In ka tsayar musu da zafi a tsakiya, duka biyun ka cuta.

Ƙa'idar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce ka zaɓo daga jinsi mabambanta, kalmar farko ta sunan kimiyyarsu ta sha bamban. Nau'uka biyu na Hypancistrus, kamar L066 da L333, suna iya barbarar juna, haka ma na Ancistrus. 'Ya'yan da za su fito gauraye ne, in suka bazu hannun masu kiwo asalin nau'in ya gurɓace. Ban da wannan, mazan da suka yi kama a siffa kogo iri ɗaya suke nema, kuma a kansa ake faɗa. Namiji yana da ƙayoyi a gefen kumatu da yake buɗewa. Idan ya tarar da wani a kogon da yake so, sai ya kutsa ya tokare shi a ciki, ya yi ta gurzarsa. Wani lokacin gawa ake fitarwa, fatar bayanta a saɓule.

Maganin shi ne kogo ya fi kifi yawa: kowanne da nasa, da rarar ɗaya ko biyu. Bututun yumɓu mai toshe a baya ya fi, wanda faɗinsa ya ɗan ɗara jikin kifin kaɗan. Ka warwatsa su, bakin kowanne ya kalli wani ɓangare, ka gitta itace ko dutse a tsakani yadda ba za su riƙa hango juna ba. A tankin da aka ambata, mai kimanin lita 200, Ancistrus ɗaya da Panaqolus maccus biyu za su zauna lafiya a digiri 25 zuwa 26, da kogo biyar.

Wajen abinci ne asara take zuwa a ɓoye. Panaque da Panaqolus itace suke kankara, dole a sa musu itacen da ya jiƙu ya nutse. Ancistrus ganye da gansakuka ya fi ci, a ba shi yankan kokwamba ko kabewa, a cire ragowar kafin awa 24. Hypancistrus nama yake so, tsutsa da jatan lande, ga shi da tsoro da nawa. Idan ka zuba abinci wuri ɗaya, Ancistrus zai rigaye shi ya cinye naman har cikinsa ya kumbura, shi kuwa ya kwana da yunwa. Ka ciyar bayan kashe fitila, a wurare biyu ko uku masu nisa da juna. Duk lokacin da kifi ya manne a gilashi, dubi cikinsa: in ya lotsa, idanu sun zurma, abinci ba ya isa gare shi.

Fileko akwai yawan kashi, masu cin itace kuma har gari suke zubarwa. Matatar ruwa ta iya juya ruwan tankin sau 5 zuwa 10 a awa, a canja kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari duk mako, a zuƙe dattin ƙarƙashin itace. Amoniya, gubar da kashin kifi ke haifarwa a ruwa, ta tsaya a sifili.

Sabon kifi ya yi mako 4 a tankin killacewa. Ranar shigar da shi ka sauya wa koguna da itatuwa wuri don tsofaffin su rasa iyakokinsu, ka sake shi da fitila a kashe. A makon farko ka riƙa leƙawa da dare da tocila mai rauni. Yagaggen fiffike, farin tabo a gefen jiki, ko kifin da ya maƙale a saman gilashi ya ƙi sauka, duk alamar ana korarsa ne, a raba su ranar. Kada ka kama shi da raga, ƙayoyinsa suna sarƙewa a ciki. Ka ɗaga kogon da shi a ciki ka sa a roba a ƙarƙashin ruwa.