Yadda ake kwantar da takarda a Word don buga ƙananan lebil

Salam 'yan uwa. Tun da na buga wa matan ƙauyenmu nan gefen Ringim lebil ɗin robar man gyaɗa, kullum sai an biyo ni shago ana tambaya wai ya aka yi rubutun ya fito a kwance, to ga shi nan daki-daki.

1. Buɗe sabon shafi a Word.
2. Shiga Layout, a wajen Size ka zaɓi A4.
3. A Orientation danna Landscape. Faɗin zai koma santimita 29.7, tsayin 21.
4. A Margins zaɓi Narrow.

Hattara: ka kwantar da shafin tun kafin ka saka tebur, in ka bari sai daga baya teburin zai tsaya a tsohon faɗinsa ka yi asarar gefe guda.

5. Je Insert ka saka tebur, gida 4 a kwance 5 a tsaye, lebil 20 kenan.
6. Rubuta sunan kaya da lambar waya a gidan farko.
7. Kwafa zuwa sauran gidajen.
8. Danna Ctrl da S ka adana aikin, don janareta ba ya sallama in zai mutu.
9. Danna Ctrl da P don bugawa, ka gwada da farar takarda tukuna, sitika akwai tsada wallahi.

Nan ake yawan kuskure: kar ka juya takardar a cikin firinta, saka ta yadda ka saba, firintar za ta juya rubutun da kanta.

10. In ya zauna daidai, saka takardar sitika ka buga.
11. Yanka da almakashi a kan layi.

In robar mai ce ko zoɓo, nemi firintar leza, na ga tawadar ruwa ta narke a jikin roba mai sanyi har lambar waya ta ɓace.