Yadda za ka tsallake tantancewar na'ura wajen neman aiki

A yau in ka tura takardar neman aiki ga banki, kamfanin sadarwa ko ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, da wuya ta fara faɗawa hannun mutum. Manhaja ce ke karɓarta, irin su Workday, Taleo, SuccessFactors ko Greenhouse. Aikinta na farko shi ne ta yayyanka CV ɗinka ta zuba kowane bayani a gurbinsa: suna, makaranta, wuraren da ka yi aiki, shekaru. Daga nan jami'in ɗaukar ma'aikata ya bincika da kalmomi, ya duba waɗanda suka fito. Wasu kamfanonin sun ɗora ƙirƙirarriyar basira a kai tana ba masu nema maki. Mutane da yawa suna da cancanta, amma na'urar ba ta iya karanta takardarsu ba, shi ya sa ake jin shiru.

Fara da gwada fayil ɗinka. Buɗe shi a kwamfuta, ka kwafe dukkan rubutun, ka manna a Notepad, manhajar rubutu tsagwaro da ke cikin kwamfuta. Abin da ka gani a can, kusan shi manhajar za ta gani. In ba ka iya kwafar komai ba, to CV ɗinka hoto ne. Haka ke faruwa in an buga takarda a shagon kwamfuta sannan aka yi mata sikanin, ko aka ɗauke ta da kyamarar waya. In kuma rubutun ya fito a cakuɗe, sunan makaranta ya shige cikin bayanin aiki, laifin tsarin ginshiƙi biyu ne, ko tebur, ko akwatunan rubutu irin na samfuran ado da ake saukewa daga Canva. Sake rubutawa a Word, ginshiƙi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, harafi na gama-gari kamar Arial ko Calibri mai girman 11, sannan ka ajiye shi a matsayin docx ko PDF kai tsaye daga Word. Kada ka sa lambar waya da imel a can gefen saman shafi inda ake sa kan takarda, domin wasu manhajojin tsallake wurin suke yi. Kanun sassa su zama waɗanda aka saba da su, kwanan wata kuma salo ɗaya, wata da shekara, misali 03/2021 zuwa 08/2023. Da waɗannan kwanakin watan ne manhajar take lissafa shekarun gogewarka. Hoto, addini da batun aure ka bar su sai an nema.

Inda ake faɗuwa nan take shi ne tambayoyin cikin fom. Shekarunka nawa? Ka gama yi wa ƙasa hidima? Wace daraja ce a digirinka? Nawa kake son albashi? Ana iya saita amsa ɗaya ta fitar da mutum ba tare da kowa ya buɗe CV ɗinsa ba. Saboda haka ka karanta sharuɗɗan kafin ka ɓata data. Ka cike kowane gurbi, ko da an riga an ciro shi daga CV, ka gyara abin da manhajar ta ciro ba daidai ba. Kada ka rage shekaru don ka wuce. Ranar duba takardu na nan zuwa. A shafukan ɗaukar aikin gwamnati a Najeriya, inda ake neman NIN, ka tabbata suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na takardun makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da kai, kuma gyaran yakan ɗauki lokaci, don haka a yi shi tun kafin a buɗe shafin.

Sai maganar kalmomi. Ɗauki tallan aikin, ka ja layi ƙarƙashin kayan aiki, takardun shaida da ayyukan da aka maimaita. In talla ya ce "procurement" kai kuma ka rubuta "purchasing", binciken jami'in na iya tsallake ka alhali aiki ɗaya ne. Yi amfani da kalmarsu, ka rubuta cikakken sunan takardar shaida ko kayan aiki tare da gajartarsa. In sun nemi manhaja irin su Excel, QuickBooks ko KoboToolbox kuma ka iya, ambace su cikin bayanin aikin da ka yi da su, tare da adadi na gaskiya: mutum nawa ka horar, ƙananan hukumomi nawa ka kewaya. Wannan na nufin kowane aiki da nasa CV. Gara goma da aka gyara da kyau da ɗari da aka watsa iri ɗaya.

Akwai dabarar da ke yawo, a cusa kalmomin talla da farin rubutu don ido kada ya gani. Ka guje ta. Manhajar na mayar da komai rubutu tsagwaro, jami'i zai gan shi a fili. ChatGPT kuwa yana da amfani wajen gyara Turanci da kwatanta CV da talla, amma yakan ƙara maka ƙwarewar da ba ka da ita. Bi layi-layi, ka goge duk abin da ba za ka iya karewa a intabiyu ba.

In ka wuce, sau da yawa jarrabawar intanet ce ke biye, ko intabiyun bidiyo irin na HireVue, inda tambaya ke fitowa a allo, a ba ka ɗan lokacin tunani, ka amsa babu kowa a gabanka. Kamfanin HireVue ya sanar a 2021 cewa ya daina auna fuska, don haka abin da ka faɗa shi ne kan gaba, kuma sautin ake mayarwa rubutu. Nemi ɗaki shiru, sa abin magana na kunne, haske ya zo daga gabanka, yi magana a tsanake. Tsara amsa haka: halin da aka shiga, abin da kai ka yi, sakamakon. Cika caji, ka tanadi layi na biyu, domin wasu jarrabawar ba a sake buɗe su in sabis ya yanke.

Bayan ka tura, nemi wani ma'aikacin wurin a LinkedIn ko ta hannun tsoffin abokan karatu. Kamfanoni da yawa suna da hanyar da ma'aikaci ke gabatar da mutum, kuma hakan kan sa jami'i ya buɗe takardarka da kansa. Tallan da ka gani a Jobberman, MyJobMag ko WhatsApp, ka tabbatar da shi a shafin kamfanin. Duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na intabiyu, ka rabu da shi.