Yadda ake sarrafa tarin maballai a Windows Forms ba tare da manhaja ta cushe ba

In kana rubuta C# da Windows Forms, kowane Form (tagar manhajar) ko Panel (wani yanki a cikin tagar) yana da tarin da ake kira Controls, nan ne maballai da akwatunan rubutu suke zama. Jawo maballi daga Toolbox kam ba sai na koya ma ba.

Da farko kar ka riƙa zuba komai kai tsaye a kan fom. Sa FlowLayoutPanel guda, duk abin da za ka ƙirƙira yayin da manhajar ke aiki ka tura shi can da Controls.Add, shi zai jera maka su, ka huta da lissafin Top da Left da hannu. Kowane maballi ka ba shi Name, ka ajiye bayanin da yake wakilta a cikin Tag, sai ka haɗa su duka da aikin Click ɗaya tunda sender zai gaya maka wanda aka danna.

To ga inda sabbin shiga ke shan kashi, wajen cirewa. Sai ka ga mutum ya yi foreach a kan Controls yana Remove a ciki, maballi goma biyar su tafi biyar su zauna, ya yi ta zargin Visual Studio. Ai in ka cire na farko, na biyu ne ke matsowa gurbinsa, kai kuma ƙirgenka ya riga ya wuce gaba, shi ke nan ka tsallake shi. Maganin kawai ka fara daga ƙarshe, for daga Count - 1 kana saukowa har 0.

Wanda ya fi wannan muni shi ne Controls.Clear. Ido zai ga allo ya share tas, amma fa Clear ba ya kiran Dispose, wato aikin da ke sa abu ya saki duk abin da ya riƙe, abubuwan na nan riƙe da gurbinsu a wurin Windows, ita kuma Windows irin waɗannan guraben, da take kira USER objects, 10,000 take ba kowace manhaja in ba a taɓa saitin ba, to in kana sharewa kana sake cikawa duk bayan 'yan daƙiƙu, manhajar za ta yi lafiya lau da safe, can da rana ta faɗi da saƙon "Error creating window handle". Don haka a wannan zagayen na baya-baya ka kira Dispose a kan kowanne, shi da kansa zai fice daga tarin, ba sai ka ƙara Remove ba. In kana so ka gani da idonka, buɗe Task Manager, shiga Details, ƙara layin USER objects, ka zuba wa lambar ido ko tana hawa ba ta sauka.

Sauran masu sauƙi ne. In za ka zuba da yawa lokaci guda, SuspendLayout kafin don ya dakatar da jerawa, ResumeLayout bayan don ya ci gaba. Neman akwatunan rubutu kaɗai, OfType. Controls.Find kuma, mai neman abu da sunansa, ka ba shi true in abin yana cikin wani panel na ciki. In abubuwan da za ka jera sun kai ɗaruruwa, ni dai DataGridView nake sawa, wato teburin jera bayanai, maballi ɗari biyar a fom ɗaya wahalar da kai ne.