Yadda za a rage wa kolestarol "tsatsa" tun daga tukunya

Jama'a, da an ce kolestarol, wato wani abu mai kama da kitse da ke yawo a cikin jini, sai kowa ya fara tsoron ƙwai da kitse, alhali hantarka ce ma take yin mafi yawansa da kanta, kuma jiki yana buƙatarsa. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ya riga ya lalace kafin ya shiga baki. Kamar ƙarfen da aka bari a waje ne, iska ta taɓa shi ya yi tsatsa. Shi ma kolestarol in ya sha wuta sosai, ya sha iska da haske, ya daɗe a ajiye, sai ya rikiɗe ya zama abin da masana ke kira oksisterol. A cikin jini ma haka, nau'in kolestarol ɗin nan da likita ke rubutawa LDL a takardar analiz (gwajin jini), in ya yi wannan tsatsar, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan haɗiye shi su maƙale a bangon jijiya, a hankali hanya ta ƙuntace.

To mu fara da naman layya, don nan ne mu ƴan Damagaram muka fi laifi. A gasa, washegari a soya ƙayau, a zuba a roba ko kwano a buɗe, wata uku ana ɗiba ana ɗumamawa, ga zafin garin nan da kan wuce digiri 40. Ni kaina na taɓa buɗe na gidanmu na ji ƙamshin ya juya, na ce ai yaji zai rufe, na ci abina. Kar ku yi irin tawa. A raba shi ƙanana a mazubi mai murfi, a ajiye a ɗaki mai duhu da sanyi, mai firigo ya sa a ciki, kuma a ɗebi iya wanda za a ci a ɗumama sau ɗaya tak. Kilishi ma saya daidai ci, ba a jibge ba.

Sai mai. Man gyaɗa ba shi da kolestarol ko ɗigo, shi kolestarol daga dabba kawai ake samunsa, amma man da aka soya nama jiya, kifi yau, ƙosai gobe, har ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi tun wuta ba ta kama ba, wallahi a haƙura da shi. Na san tsada, shi ya sa gara a zuba kaɗan tun farko. Man shanu da madarar gari a riƙa rufe su ruf, kar buteli ya wuni a rana.

Ƙwai kuma dafawa ta fi soyawa har gefe ya ƙone. Nama ma farfesu ya fi masa sauƙi, a sa albasa, tafarnuwa, citta da kanumfari tun wajen jiƙawa, suna rage saurin lalacewar kitse a kan wuta.

Abin rakiya yana da nasa aikin. Wake da kuɓewa suna da wani harza mai yauƙi da ke rage LDL ta hanji. A riƙa haɗawa da zogale, yakuwa, tumatir, goba, da mangwaro a lokacinsa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a samu aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana. Amma kar wani ya ruga farmasi sayen ƙwayar bitamin E wai don ta hana wannan tsatsar, an gwada ta a kan dubban mutane ba ta hana ciwon zuciya ba, kuɗin nan gara a kai shi kasuwar Dole a sayo ganye. Wanda kuma likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da sha, dambun zogale ba ya maye gurbinsa.