Babi na Shida: Ƙaramin Batir a Mota Mai Batir Biyu

Assalamu alaikum 'yan aji. Wannan babi na direbobi ne da yaran gareji da ke zuwa ajinmu na dare a Aboabo, musamman masu wuni a Suame Magazine. Motoci masu batir biyu, waɗanda ake kira haibirid, sun fara yawa a Kumasi. Wasu sukan sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema bayan sun yi makonni a teku ba a tashe su ba, ƙaramin batirinsu ya riga ya galabaita. Ranar da mota ta ƙi tashi, sai hankalin mai ita ya tashi, a ce masa babban batir ne ya mutu. Sau da yawa ƙaramin ne, kuma mita ce za ta gaya maka gaskiya kafin ka fitar da ko sidi ɗaya.

Karanta sannu a hankali. In kalma ta yi maka wuya, ɗora yatsa a kanta ka kira ta gaɓa-gaɓa. Ba wanda ke korar ka.

Darasi na 1: Batir biyu

Babban batir shi ke tura mota. A Toyota Prius ta shekarun 2004 zuwa 2015 ƙarfinsa ya ɗan haura volt 200, kuma wannan wuta tana kisa. Wayoyinsa masu kauri ne, launinsu ruwan goro. Duk wayar da ka gani ruwan goro, janye hannunka. Ba aikinmu ba ne a wannan littafi.

Ƙaramin batir mai volt 12 ne, irin na kowace mota. Shi ke tashin kwamfutar mota daga barci, ita kuma ta buɗe wa babban batir hanya. In ƙaramin ya yi sanyi, babban ba zai fito ba ko da a cike yake. Ba za ka ji kukan sitata yana jan inji da ƙyar ba, don wannan mota ba ta da sitata irin wanda ka sani. Sai dai ka ga fitilun gaban direba sun dusashe, ko fitilun gargaɗi sun taso barkatai, ko makulli ya ƙi buɗe ƙofa.

A Prius ta waɗancan shekaru ƙaramin batir yana cikin but, gefen dama, ƙarƙashin shimfiɗa. Daga ta 2016 an mayar da shi gaba, ƙarƙashin bonet. A Toyota Aqua yana ƙarƙashin kujerar baya.

Darasi na 2: Mita

Ɗauko mitarka ka ajiye a gabanka. Kada ka je wurin mota tukuna.

Waya biyu gare ta, ja da baƙa. A ƙasanta akwai ramuka, galibi uku. Ɗaya an rubuta COM, harafi uku: C, O, M. Nan ne gidan baƙar waya, ba ta tashi daga nan har abada. Na biyu yana da harafin V, mai kama da yatsu biyu a buɗe. Na uku an rubuta 10A. Jar waya ita ce mai gida biyu, kuma a nan ne 'yan aji suka fi tuntuɓe.

Yanzu dubi abin murɗawa na tsakiya. V iri biyu za ka gani. Ɗaya yana da layi mai lanƙwasa kamar maciji, wannan na wutar gida ne, ƙyale shi. Ɗaya yana da miƙaƙƙen layi da ɗige-ɗige a ƙarƙashinsa, shi ne na batir. Murɗa zuwa lamba 20 a ɓangaren miƙaƙƙen layi.

Ga abin da nake so ka haddace kamar karatun allo:

Baƙa a COM. Ja a V. Murɗi a 20.

Faɗa da ƙarfi, kana taɓa kowanne da yatsa. Sake faɗa. Cire jar wayar, rufe ido, buɗe, mayar da ita V. Yi haka sau biyar. Kada ka ji kunya don ana kallonka, mastocin da kake gani duk ta nan suka bi.

In ka bar jar waya a ramin 10A ka taɓa kawunan batir biyu, ka haɗa wuta kai tsaye ke nan. Na ga wani yaro mai ƙwazo a ajinmu ya yi haka. Tartsatsi ya tashi, ya saki wayoyin, bakin jar wayar ya yi baƙi. Mitarsa tana da fis a ciki, shi ya tsinke ya cece shi. Wasu mitoci masu araha ba su da fis a wannan rami, wayar ce za ta yi zafi a hannunka. To kafin ka taɓa batir, dubi ramin. Baƙa a COM, ja a V, murɗi a 20.

Saura ɗigo. In mita ta nuna 12.6, karanta: sha biyu, ɗigo, shida. Ba ɗari da ashirin da shida ba. Lambar da ke bayan ɗigo ita muke nema, domin tsakanin 12.6 da 12.0 akwai tazarar cikakken batir da wanda ya kusa ƙarewa. Rubuta waɗannan a takardarka sau uku-uku: 12.6, 12.4, 12.2, 12.0.

Darasi na 3: Awo mota tana kashe

Awon da ya fi gaskiya na safe ne, bayan mota ta kwana ba a taɓa ta ba. In ka auna da zarar an kashe ta, lambar za ta hau fiye da gaskiyarta.

Dubi mita tukuna. Ina baƙa? Ina ja? Murɗi fa? Madalla. Ɗora jar waya a kan batir mai alamar tarawa, +, baƙa kuma a mai alamar ɗebewa, −. In ka ga ɗan layi a gaban lambar, ka juya wayoyin ne, ba abin da ya lalace, sauya su kawai. Danna sosai a kan ƙarfen, ban da kan datti ko farin garin da ke taruwa a kan batir.

In ka ga 12.6 ko sama, batir a cike yake. 12.4 ya ɗan ragu. 12.2 rabi ne. Ƙasa da 12.0 ya kusa ƙarewa. Rubuta lambar, har da ranar da ka auna.

Lamba ƙasa ba ta nufin batir ya mutu. Abu uku ne ke jawo ta: ko motar ba ta ba shi caji, ko wani abu yana shan wutarsa da dare, ko kuma ya tsufa. Zafin ƙasarmu yana rage wa batir kwana. Amma ba ma ɗora laifin a kan tsufa sai mun bincika biyun farko. Kafin ka bar wurin, kama kowane kan batir ka girgiza. In ya motsa, ɗaure shi da sifana lamba 10. Mota da yawa wannan ne kaɗai ciwonta.

Darasi na 4: Shin mota tana caji?

Koyi kalma ɗaya ta Turanci mai harafi biyar: R, E, A, D, Y. READY. Da kore take fitowa a gaban direba. Rubuta ta sau goma.

Wannan mota ba ta da altaneta, kada ka ɓata lokaci kana neman bel ɗinta. Akwai wata na'ura a cikin inbata, wato akwatin da ke sarrafa wutar babban batir, da ke karɓar wuta daga babban batir, ta rage mata ƙarfi, ta zuba wa ƙarami. Ba ta aiki sai READY ta fito. Ko inji ya yi shiru, muddin READY tana nan, caji yana tafiya. In kuwa ka danna maɓallin kunnawa ba ka taka birki ba, fitilu za su kama, rediyo zai yi magana, amma READY ba za ta fito ba, batir yana ta zuba ba mai mayar masa.

Wani Alhaji direba ya kawo mana motarsa, ya ce, "Malam, batir biyu na saya cikin shekara ɗaya." Na ce, "Alhaji, in kuna jiran fasinja, yaya kuke zama?" Ya ce yakan kashe inji don tattalin mai, ya bar rediyo yana jin wasan Asante Kotoko har a tashi. Na ce ya nuna mini. Ya danna maɓalli sau ɗaya, ƙafarsa ba ta kan birki. Nan muka ga ciwon. Yanzu yana taka birki, READY ta fito, ya bar giya a P, ya sha rediyonsa.

Ga awon. Giya a P, taka birki, danna maɓalli, jira READY. Dubi mita: baƙa a COM, ja a V, murɗi a 20. Auna kan batir. Lambar za ta hau zuwa wajen 14, galibi tsakanin 13.5 da 14.5. In ta hau, caji lafiya. In ta tsaya a 12 da ɗoriya kamar ta safe, ko tana sauka, caji bai isowa.

Kada ka yi saurin cewa inbata ta ƙone. Akwai babban fis a akwatin fis na gaba wanda kan tsinke in an taɓa haɗa waya a juye. A Prius ta 2004 zuwa 2009 kuma, famfon ruwan sanyaya inbata yakan mutu, inbata ta yi zafi ta daina caji. Motar tana READY, leƙa ƙaramin tankin ruwan da ke jikin inbata. In ruwan yana motsi, famfo yana aiki. In ya kwanta shiru, kai wa masta, a sa kwamfuta a karanta.

Darasi na 5: Ɓarawon wuta

Caji lafiya, amma kwana biyu mota ta mutu? Wani abu yana sha da dare. Ɗan ƙwan fitilar but yana shan kusan amp 0.40 (amp shi ne ma'aunin wutar da ake sha, shi ne A ɗin da ke cikin 10A). Cikin awa 24 ya kusa 10 ke nan, batirin Prius kuwa a wannan lissafi wajen 45 yake ɗauka. Kwana biyu ko uku ya durƙusar da shi.

Kashe mota. Kai makullin nesa, cikin shago, don in yana kusa motar ba ta barci. Bar but a buɗe, ka tura harshen makullinsa da sukudireba don motar ta ɗauka a rufe yake. Kada ka rufe but batir yana cire, da wuta yake buɗewa, sai ka bi ta kujerar baya.

A nan kaɗai jar waya ke komawa 10A, murɗi ma a 10A. Kwance wayar kan batir mai alamar −. Ɗora baƙar waya a kan batirin, ja a bakin wayar da ka kwance. Kada ka buɗe ƙofar direba, kada ka taka birki, kada ka danna maɓalli. Famfon birki yana tashi da buɗe ƙofa, zai iya tsinka fis ɗin mita. Lambar za ta fara da yawa. Jira minti 30. In ta sauka zuwa 0.05 ko ƙasa, lafiya. In ta tsaya a 0.20 ko 0.40, akwai ɓarawo. In ka ga 0.00 tun farko, kada ka yi murna, fis ɗin mitarka ne ya tsinke.

Fara da abin da aka ƙara wa mota: rediyo mai allo, tiraka, kyamara, jiniya. Cire ɗaya, dubi lamba. In ba su ba ne, bi fis ɗaya bayan ɗaya, kana mayar da kowanne raminsa.

Ka gama? Mayar da ja a V. Yanzu, kafin ka ɗaure batir, kafin ka amsa waya. Na faɗa na sake faɗa, amma a ajin da ya wuce mita uku na tarar a 10A cikin jaka. Wannan ba rashin karatu ba ne, sakaci ne. Babban mutum da ke riƙe da motar wani bai kamata a riƙa tuna masa abu ɗaya kullum ba. Baƙa a COM, ja a V, murɗi a 20.

Darasi na 6: Aron wuta

A nan wayoyin aron wuta daga wani batir nake nufi, ba na mita ba: ja zuwa +, baƙa zuwa ƙarfen jikin mota. A Prius mai batir a but, akwai wurin haɗawa a akwatin fis na gaba, ƙarƙashin jan marfi. Duba sau biyu kafin ka maƙala, juyewa na daƙiƙa ɗaya yana iya cin inbata. In READY ta fito, cire wayoyi, bar ta kamar awa ɗaya a fili inda iska ke kaɗawa, giya a P. Kada ka ba torotoro, wato motar haya, ko babbar mota wuta da haibirid.

Darasi na 7: Sayen sabo

Je da tsohon. Nemi mai girmansa, wanda + da − suke gefe ɗaya da nasa, mai hudar da ake sa robar fitar da iska, tunda cikin mota yake zama. Auna shi a shagon kafin ka biya.

Aikin gida: auna batir ɗaya da safe, ka sake auna shi a READY, ka rubuto lambobin biyu. Ranar Asabar bayan isha'i kowa ya zo da mitarsa, zan duba ramin jar waya tun a bakin ƙofa.